Yadda ɗan Damagaram zai fara koyon yaren Mazahua da talho kawai

Mazahua wata ƙabila ce a ƙasar Meziko, yawancinsu suna arewa maso yammacin jihar Meziko (jiha ce mai suna ɗaya da ƙasar), garuruwa irin su San Felipe del Progreso, Atlacomulco da Ixtlahuaca, wasu kuma a gabashin Michoacán wajen Zitácuaro. Masu jin yaren sun haura 150,000 a ƙidayar 2020, amma da yawa daga cikin yaransu Sifaniyanci kawai suke yi, saboda raini da iyayensu suka sha a birni. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya koyi ko gaisuwa ce ya yi abin kirki.

Abu na farko, ka yarda da kunnenka. Wallahi mu Hausawa muna da sa'a a nan, don yaren nan yana da ɓ da ɗ irin namu, yana da ƙ da ts, sautukan da Bature ke shan wahala kafin ya iya, kai kuwa tun kana goye kake jin su. Kuma yare ne mai karin sauti, murya ta hau ko ta sauka ma'ana ta sake, kamar dai yadda Hausa take. To kar ka fara da haddar kalmomi a takarda, fara da sauraro.

Shiga YouTube ka rubuta jñatjo ko jñatrjo, sunan da su kansu ke kiran yaren, in ka sa Mazahua kaɗai galibi raye-raye da kayan ado za su fito maka. Idan rezo ya yi kyau da dare ka sauke bidiyo biyu ko uku ka ajiye, gajeru, wanda tsohuwa ko dattijo ke magana a hankali. Ka saurari jimla guda, ka tsayar, ka maimaita, ka ɗauki muryarka a WhatsApp ka kwatanta. Ko a fada ana jiran shayi ya nuna za ka iya yi.

Inda za ka sha fama shi ne wasula, sun kai 15, wasu ta hanci ake fitar da su. Wanda ya yi lakwal ya tuna yadda ake cewa bon ko dans a Faransanci, hanyar ke nan. Sai baƙaƙe masu iska, waɗanda suke rubutawa pj, tj, kj, j ɗin nan h ce. Riƙe 'yar takarda gaban bakinka, ka ce ta, takardar ba za ta motsa sosai ba, ka ce tja da iska sai ka ga ta kaɗa. Yi ta yi har bakinka ya saba.

Darussan kusan duka cikin Sifaniyanci suke, amma mai Faransanci ba zai ɓata ba, sun yi kama ƙwarai. Nemi littattafan INALI, hukumar kula da yarukan asali ta Meziko, wadda dokar harsuna ta 2003 ta kafa, dokar da ta mai da yarukan asali harsunan ƙasa. Hukumar ta raba Mazahua gida 2, na gabas da na yamma, don haka ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kar ka gauraya.

Rubutun yana da wasula masu layi a tsakiya da kibod ɗinka ba shi da su, waɗannan ka riƙa kwafe su da biro a kaye.