Darasi na Tara: Ranar Kwalema

Shara daban, kwalema daban. Shara kullum ake yi, safe da yamma, kuma inda ido ke gani take bi. Kwalema kuwa ita ce ranar da ake fitar da kayan ɗaki gaba ɗaya zuwa tsakar gida, a bar ɗakin fayau, sannan a bi shi lungu da saƙo. Ƙarƙashin gado, bayan randa, gindin buhunan hatsi, saman kabad: nan ne ɓera da kyankyaso da kuɗin cizo suke zaune, domin tsintsiyar kullum ba ta kai musu.

Yawancinmu sai Sallah ta ƙarato muke tunawa da kwalema. Wannan ba laifi, amma ni na fi ba da ƙarfi ga wadda ake yi bayan hunturu ya ɗauke, kafin ruwan farko ya sauka. A lokacin ƙurar watanni ta gama taruwa, rana tana da zafin da za ta gasa katifa, kuma akwai sauran damar gyara magudana kafin damina.

A sa rana tun da wuri, a gaya wa kowa. Aikin ba na uwargida ba ne ita kaɗai. Ɗaga gado, hawa soro, toshe ramuka da yashe kwata, maigida da samarin gida ne ya kamata su ɗauka. Jarirai da tsofaffi da mai ciwon asma su koma inuwar zaure ko maƙwabta har ƙura ta lafa. A tanadi tsintsiya biyu, doguwa da gajera, da bokiti, tsummoki, soso, omo, toka, da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik. Mai aiki ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle.

Daga sama ake farawa

Wanda ya fara wanke ƙasa kafin ya kaɗe rufi, aiki biyu zai yi. A buɗe ƙofa da tagogi. A ɗaura tsintsiya a doguwar sanda, a sauke yana daga silin ko azara, a goge fikafikan fanka da jiƙaƙƙen tsumma, a cire labule a jiƙa. Daga nan sai bango, sai tagogi, ƙasa ce ta ƙarshe. Kafin a share ƙasa a yayyafa ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi ta koma inda aka kaɗe.

Idan ɗakin da leda ko kafet, a naɗe a fitar. Za ku yi mamakin yashi da danshin da ke kwance a ƙarƙashi. Kada a mayar da ledar sai siminti ya bushe ƙarau, in ba haka ba wari zai dawo cikin kwana biyu.

Katifa da matasai da tabarmi a shanya su a rana tun hantsi, a juya su da azahar, a bubbuga da sanda. A duba ɗinkin gefen katifa da kyau. Idan an ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada, kashin kuɗin cizo ne. A tafasa ruwa a kwarara a mahaɗar katakon gado da duk wata tsaga, domin ruwan zafi yana kashe su har da ƙwansu. Zannuwan gado ma a jiƙa su a ruwan zafi. Bayan mako guda a sake dubawa, a maimaita.

Gidan sauro mai magani shi kam lallaɓa shi ake yi. A wanke shi a hankali da sabulu da ruwan sanyi, ban da bilic, a shanya a inuwa. Zafin rana yana rage ƙarfin maganin da ke jikinsa.

Ɗakin ajiya da madafi

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne cikinmu yake. Wata shekara na bar buhunan dawa da wake jingine da bango tun kaka, ban motsa su ba sai ranar kwalema. Da muka ja buhu na ƙarshe, sai ga sheƙar ɓera da 'ya'yanta, gindin buhun ya ɓule, hatsin ya gauraye da kashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daga wannan buhun muke ɗiban tuwon yara duk tsawon lokacin.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi ba. Fitsarinsa da kashinsa suna ɗauke da cuta, har da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Ya fi yaɗuwa da rani, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da yake yawan addaba. Saboda haka idan kun ga kashin ɓera, kada ku share shi a bushe, ƙurarsa za ku shaƙa. Ku haɗa ruwan bilic: gwangwani 1 na bilic, gwangwani 9 na ruwa. Ku jiƙa wurin, ku jira minti 5, sannan ku sa leda a hannu ku kwashe da tsumma ko takarda, ku ƙulle ku zubar. Mushen ɓera ma haka, kada a taɓa shi da hannu, kada a bar yara su yi wasa da shi. Hatsin da ya gauraye da kashi a haƙura da shi. Da an gama a wanke hannu da sabulu.

Maigida ya bi gindin bango ya toshe kowane rami da siminti, ko da laka haɗe da tsakuwa. Buhuna a ɗora su kan katako ko bulo, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta shiga. Gari, shinkafa, kuka, kuɓewa da daddawa su koma cikin roba ko kwano mai murfi.

Baƙin bayan tukunya toka da soso suna fitar da shi tas, ba sai an kashe kuɗi ba. Randa a juye ruwanta, a dirje cikinta har santsin ya fita, a ɗauraye, a janye ta a share mazauninta. A yi mata murfi, a rataye moɗa a ƙusa don kada ta riƙa yawo a ƙasa.

Gargaɗi biyu

Kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke masai irin su Harpic, wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, musamman a banɗaki mai ƙaramar taga. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, wata rana a yi da ɗayan.

Na biyu shi ne fiya-fiya. Guba ce mai kisa, kuma sau da yawa a kwalbar da ba rubutu ake sayar da ita. Ina roƙonku kada ku yayyafa ta a katifa ko kusa da abinci, kada ku zuba ta a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. Bilic da kananzir ma a ɗora su can sama.

Tsakar gida da waje

A wanke makewayi da omo, a ɗauraye, a bi da ruwan bilic, a tabbatar bakin masai yana da murfi saboda ƙuda. A kwashe kashin awaki da na kaji a kai gona. Tsohuwar taya, fasasshen tulu, gwangwanaye, duk abin da zai tare ruwa a kife shi ko a fitar, domin sauro cikin kamar kwana 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Masu ɗakin soro su hau su buɗe indararo. A yashe kwata tun daga cikin gida har inda ta haɗu da ta layi, kuma abin da aka yaso a kai shi bola a ranar, kada a tara shi a bakin kwatar ruwan farko ya mayar da shi ciki.

Sai komai ya bushe ake shigar da kaya. Abin da aka shekara ba a taɓa ba, in mai amfani ne a ba mabuƙaci, in ya lalace a fitar da shi.

Aikin rubutu

Buɗe littafinka. Rubuta ranar da gidanku zai yi kwalema, da wata da shekara, cikin lambobi. A ƙarƙashi rubuta wurare 3 da tsintsiya ba ta taɓa shiga ba a ɗakinka, da sunan wanda zai ɗauki kowanne. Sannan ka yi wannan lissafi: idan an zuba gwangwani 2 na bilic, gwangwani nawa na ruwa za a ƙara? Ka zo da amsar a zama na gaba.