Kurakuran da ke ɓata adon kundin hotuna na dijital da yadda ake gyara su

Mafi yawan masu haɗa kundin hotunan biki, suna ko walimar sauka a kwamfuta ko a waya ba sa ganin aibin aikinsu sai ranar da aka buga shi a takarda. A fuskar waya fure yana sheƙi, firam ya zauna daram. Mai injin bugawa na miƙo shafin sai ka ga furen ya dushe, gefensa ya yi gautsi, wani farin layi ya zagaye shi. Laifin ba na injin ba ne, tun wajen haɗa adon aka yi sakaci.

Abin da aka fi faɗawa ciki shi ne girma. Shafin da masu wannan sana'a suka saba da shi inci 12 ne tsawo da faɗi, kuma don ya fito tas ana so kowane inci ya ɗauki fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 300, wato fiksel 3600 ta kowane ɓangare. Furen da ka sauko da shi daga intanet mai faɗin fiksel 500 ba zai kai inci 2 a wannan shafi ba. Idan ka ja kusurwarsa don ya cika wuri, manhajar ba ta da inda za ta samo sabon bayani, sai dai ta shafe wanda ke akwai, shi ya sa yake fitowa da hazo. Ka ƙirƙiri kowane ado da girma tun farko, domin ragewa ba ta ɓata shi. Abin da siffa ce zalla, kamar tauraro, iyaka ko dagin Arewa, gara ka zana shi a manhajar zane ta Inkscape ka ajiye a tsarin fayil na SVG, wanda ko nawa ka faɗaɗa shi layinsa ba ya lalacewa.

Inda na fi ganin an yi wa aiki illa shi ne inuwa. Duk manufar wannan ado ita ce mai kallo ya ji kamar an ɗora takarda, maɓalli ko ƙyalle na gaske a kan shafin, kuma inuwa ce ke ba da wannan jin. Amma sai ka ga mutum ya danna inuwar da manhaja ta zo da ita, baƙa ƙirin, ya yi wa komai iri ɗaya. Ka ɗora takarda a kan tebur kusa da taga, ka ajiye maɓalli a gefenta, ka duba da kyau. Inuwar takardar siririya ce, ta manne da gefenta, da ƙyar ake ganinta. Ta maɓallin ta fi nisa, ta fi laushi, tana narkewa a hankali. Kuma babu wadda take baƙa, launin tebur ne ya yi duhu. Haka za ka yi a shafi: takarda da hoto su sami ƙaramar inuwa, fure da maɓalli su sami mai faɗi da taushi, ka zaɓi ruwan ƙasa mai duhu a maimakon baƙi, ka sa ta a yanayin Multiply don ta haɗu da abin da ke ƙarƙashinta, sannan ka rage ƙarfinta.

Haske kuma dole ya fito daga wuri guda. Shafin da inuwar firam ta faɗi dama, ta fure ta faɗi hagu, ido yana ƙin sa ko da mai kallo bai san dalili ba. Wannan yakan faru ne idan an liƙa inuwar a jikin adon kafin a ajiye shi, domin da zarar ka juya furen, inuwar ma ta juya. Ajiye adonka babu inuwa, sai ya hau shafi ka sa masa. Rubutu da tambarin da ake so su yi kama da tawada ba sa buƙatar inuwa ko kaɗan, tawada ba ta tashi daga takarda.

Farin layin nan da ke zagaye fure ragowar bayan hoton ne da aka yanko shi daga ciki. A kan farin shafi ba ka ganinsa, sai ka ɗora shi a kan shuɗi mai duhu ya tona asiri. Kafin ka ajiye, sa leya, wato shimfiɗa, mai duhu a ƙarƙashinsa ka zuƙo sosai. Idan layin na nan, zaɓi furen, ka matse zaɓin da fiksel 1 ko 2 ka goge abin da ya rage a wajensa, ko ka yi amfani da Defringe, mai share irin wannan layi, a manhajar Photoshop. Haka ma ɓurɓushin fiksel da ke saura nesa da adon: sa masa jan layi na wucin gadi a kewaye, duk ɗigon da ya ɓuya zai bayyana.

Ado mai bayan da ake gani ta cikinsa fayil ɗin PNG ne gidansa. JPEG ba ya riƙe wannan, sai ya cike wurin da launi, galibi fari, kuma duk lokacin da ka sake ajiye shi ingancinsa na raguwa. Ka riƙe ainihin fayil ɗin mai leya-leya, PSD na Photoshop ko XCF na manhajar GIMP, saboda ranar da uwar amarya za ta ce a sauya launi. Idan za ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Yawancin haruffan ado masu lanƙwasa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ka rubuta "Barka da ƙoƙari" sai ƙ ta fito da wani salo daban, ko akwati ya maye gurbinta, wasu kuma su haƙura su sa k. Gwada waɗannan haruffa kafin ka zaɓi salo. Noto Sans, Andika da Charis SIL suna da su. In kuwa salon adon ya shiga ranka, rubuta k ka zana mata ƙugiyar da hannu.

Ina jin takaicin ganin kundin bikin Kano cike da ganyen kaka da dusar ƙanƙara da aka kwaso daga shafukan Turawa, alhali ga atamfar ankon, ga zanen lallen amarya, ga ɗinkin hular ango. Ɗora ƙyallen a sikana, ko ka ɗauki hotonsa da rana a inuwa, ya zama bayan shafi. Ƙananan abubuwa irin su ɗan kunne a ɗauke su a fiksel 600 a kowane inci don su jure faɗaɗawa. Sai dai atamfa tana da ƙarfin launi, don haka ka rage haskenta ko ka sa ta a gefe kawai, kada ta danne fuskar mutanen da aka yi kundin dominsu.

Kafin ka kai wa mai bugawa, bar rarar kusan milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka janye rubutu da fuskoki daga baki. Sannan ka sa a buga shafi ɗaya na gwaji, wanda ya fi duhu a cikinsu, domin launi a takarda yakan fi na fuskar waya duhu.