Hattara da masu "turo ɗaya a mayar maka biyu"

'Yan uwa, don Allah duk wanda ya ce ku tura masa kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin ko USDT, zai ninka muku, ɓarawo ne. Mai kyautar gaskiya ba ya fara karɓar naka.

A Yulin 2020 an kutsa shafukan Twitter na Barack Obama da Elon Musk da Bill Gates, aka wallafa irin wannan alƙawari. Cikin 'yan sa'o'i aka kwashe wa mutane sama da dala 100,000. Shafukan na ainihi ne fa!

Abin da ya fi damuna, kuɗin kirifto in ya tafi ba bankin da zai dawo da shi. Kalmomin sirri 12 ko 24 ɗin nan da ake ba ku lokacin buɗe asusun kirifto kuwa, su ne makullin kuɗinku, ku rubuta su a takarda ku ɓoye, kada ku ba kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.