Yadda ake gano inda girgizar ƙasa ta taso da kuma ƙarfinta

Duk sanda ƙasa ta motsa, irin wanda aka yi a Kwoi ta ƙaramar hukumar Jaba a Satumbar 2016, sai ka ji masana sun ce daga wuri kaza ta taso. Lissafi ne fa kawai, kai ma da biro da taswira za ka iya gwadawa.

Girgiza tana turo motsi iri biyu ta cikin ƙasa. Na farko ana ce masa P, shi ne mai gudu, wajen kilomita 6 yake ci a sakan ɗaya, na biyun kuma S, ya fi jijjiga gini amma a baya yake zuwa don wajen kilomita 3 da rabi yake yi. Kamar walƙiya da tsawa dai, tare suke tashi amma in nesa ne sai ka jima kafin ka ji ƙarar.

To ka samu zanen da na'urar da ke tashar auna girgizar ƙasa ta yi, ka nemo inda layin ya fara rawa, P kenan, sai inda ya yi wani babban tsalle, wannan S ne. Ƙirga sakan nawa ne tsakaninsu ka ninka da 8. In sakan 20 ne, wajen kilomita 160 kenan. Sai ka ɗau kamfas ɗin nan na cikin masset ka zana da'ira mai wannan nisan kewaye da tashar a kan taswira.

Tasha ɗaya nisa kawai take ba ka, ba ta ce gabas ko yamma ba, shi ya sa sai an haɗa uku aƙalla, a ce ta Kaduna da ta Toro a Bauchi da ta Ile-Ife. Inda da'irorin uku suka haɗu, nan ne wurin.

Ƙarfi kuwa, tsayin tsallen layin ake aunawa a gyara shi da nisan tashar a fitar da makin girgizar, dabarar da Charles Richter ya fito da ita a Kalifoniya a 1935. Nan mutane ke ruɗewa wallahi, ƙarin maki ɗaya na nufin tsallen ya ninka sau 10, ƙarfin da ya fita kuma wajen sau 32, wato mai maki 7 ta fi mai maki 5 kusan sau 1,000. Manya irin ta Turkiyya a 2023 mai maki 7.8 ma ba da Richter ake auna su ba, girman tsagar da ta zame a ƙarƙashin ƙasa da yawan zamewar ake lissafawa. In ka ga makin ya ɗan canza bayan awa ɗaya ko biyu, bayanan wasu tashoshin ne suka ƙaraso.