Yadda Ake Haɗa Salsalar Dangi da Mutane da Yawa Ba a Ɓata Ba

Ba zan tsaya koya wa kowa zana salsala ba. Ka fara da kanka, ka hau kan iyaye, ka hau kan kakanni, shi ke nan. Inda ake faɗuwa shi ne ranar da aikin ya zama na mutum goma ko ashirin, kowa da takardunsa, kowa da abin da kakarsa ta faɗa masa. Na sha ganin 'yan uwa sun daina gaisawa a kan shekarar haihuwar mutumin da ko hotonsa babu wanda ya taɓa gani.

Na farko: a raba "na gani" da "an ce"

Duk bayanin da zai shiga kundin, a rubuta tushensa a gefe: wa ya faɗa, a wace takarda, yaushe. Ni gida uku nake kasa su. Akwai abin da aka rubuta lokacin da abin ya faru, akwai wanda aka rubuta daga baya, sai labarin baka. Labarin baka ba abin yarwa ba ne, sau da yawa shi ke nuna maka inda za ka tona. Amma a kira shi da sunansa.

Kuma takarda ɗaya ba ƙarfinta ɗaya ba a kan komai. Takardar shaidar mutuwa hujja ce babba a kan ranar rasuwa, amma shekarar haihuwar da ke jikinta fa? Wanda ya ba da ita ɗa ne ko maƙwabci, cikin jimami, kuma ba ya nan aka yi haihuwar.

Na biyu: kada a goge na wani

Wannan doka ce a wajena, ba shawara ba. Idan naka ya saɓa da nasa, ajiye naka kusa da nasa tare da hujjarka, ka sanar da shi. A FamilySearch da WikiTree, shafukan intanet na haɗa salsala, salsala ɗaya ce kowa ke aiki a kai, don haka abin da ka gyara yau wani zai iya mayarwa gobe. Dukansu suna ajiye tarihin canje-canje, sai ka duba shi kafin ka zargi kowa.

Na uku: takwara

Nan ne na sha kunya, saboda haka nan zan daɗe. Na taɓa samun suna ɗaya a takardu biyu, sunan uba ma ya yi kama, wuri ɗaya, shekaru ba nisa. Cikin zumuɗi na haɗe su na mai da su mutum ɗaya. Bayan wata huɗu wata 'yar uwa ta aiko min da tambaya: "Yaya, wannan bawan Allah yana ɗan shekara takwas ya haifi ɗan farinsa?" Ashe mutum ne da ɗan ɗan'uwansa da aka sa wa sunansa. Kafin nan mutane da dama sun kwafe kuskuren zuwa nasu kundin, wani ma ya buga ya raba. Warwarewa ta ci min lokacin da ya ninka na haɗewa sau ba adadi, kuma har yau ina cin karo da kwafin da bai gyaru ba.

Tun daga ranar ba na haɗe mutum biyu sai abu uku sun dace bayan suna: sunan mata ko miji, sunan uwa, da wuri ko shekara. Sunan uwa ya fi min komai, don sunan maza ne ya fi yawo a zuri'a.

Sannan ka yi lissafi, ko da yatsa ne. Tsakanin uba da ɗa yawanci shekara 25 zuwa 35 ne idan aka ɗauki matsakaici a kan zuriya da yawa. In ka ga kakanni huɗu kacal sun cike shekara 250, to akwai sunayen da suka zube a hanya. Uwar da ta haihu tana da shekara 60, ko yaron da aka haifa shekara biyu bayan rasuwar ubansa, alama ce an cakuɗa mutane.

Wani saɓanin kuma ba na mutane ba ne, na kalanda ne. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365, don haka a duk shekara 33 ana samun tazarar kusan shekara guda. Wanda aka ce ya rasu yana da 68 a wannan lissafi, 66 ne a wancan, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. A Ingila, da aka sauya kalanda a 1752, daga 2 ga Satumba sai aka wayi gari 14 ga wata, kuma kafin nan sabuwar shekara a hukumance 25 ga Maris take kamawa. Rasha ba ta sauya kalandarta ba sai 1918. Kafin ka ce wani ya yi ƙarya, tambayi da wace kalanda aka rubuta.

In an yi duk wannan gardama ba ta mutu ba, tuntuɓi wanda kuka saɓa da shi, shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. "Ina ka samo wannan, in duba?" ta fi "wannan ba daidai ba ne" sau dubu. A ba juna mako biyu. In ba a daidaita ba, a nemi wani daga reshen da abin bai shafa ba ya duba, in ya gagara a rubuta ƙaulin biyu a wuce.

Na huɗu: kayan haɗaka

Asalin hoto ko wasiƙa yana wurin mai shi, kwafi ne ke yawo. A ɗauki gaba da baya, don sau da yawa a bayan hoto sunaye suke. Ni ba na karɓar ƙasa da dpi 600 (ma'aunin kaifin hoton da aka yi sikanin) ga tsohon hoto, kuma wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a turo shi a matsayin fayil. A sa sunan wanda ya kawo. Rabin fushin da nake gani daga nan yake: wani ya sha wahala, wani ya karɓi godiya.

Mutum biyu su san kalmar sirrin ma'ajiyar intanet da ake tara kayan, ba ɗaya ba. Duk wata uku a fitar da kundin a tsarin GEDCOM, wanda kusan duk manhajojin salsala ke karantawa, a ajiye a wuri biyu. Maganar kuɗi kuwa, FamilySearch kyauta ne, a ƙure shi kafin a biya wa shafukan salsala na kuɗi irin su Ancestry ko MyHeritage. In an yi karo-karo a rubuta, a kuma faɗa tun farko cewa yawan kuɗin mutum ba ya sayen hukunci.

Na biyar: masu rai da gwajin DNA

Bayanin mai rai ba ya fita sai da izininsa. Hukumomi ma haka suke yi: Amurka tana rufe takardun ƙidaya shekara 72, shi ya sa na 1950 bai fito ba sai 2022.

Sakamakon DNA kuma kada a saka shi a bainar jama'a kafin a yi magana da waɗanda ya shafa. Idan DNA ɗin mutum biyu ya dace da kashi 25 cikin ɗari, yana iya nufin kaka da jika, ko kawu, ko goggo, ko wanda kuke uba ɗaya ba ku sani ba. Duba shekarun haihuwar mutanen biyu tukuna, sannan ka kira mutum ɗaya tak, wanda abin ya fi shafa.