Yadda Ake Duba Gudun Jini a Hantsar Saniya da Na'urar Sikanin

Kafin saniya ta ba da lita 1 ta madara, sai jini kimanin lita 500 ya ratsa hantsarta. Saboda haka idan ciwo ya kama hantsa, gudun jinin yakan sauya, kuma na'urar sikanin mai Dofla, wato mai auna gudun jini a cikin jijiya, tana nuna wannan sauyi. Aikin na likitan dabbobi ne, amma makiyayi mai shanun tatsa, ko Bunaji ne ko 'yan aure, ya kamata ya san yadda ake yinsa.

A zaɓi sanyin safiya, musamman a bazara irin ta Dambatta ko Ringim, domin zafi da firgita suna sauya bugun zuciyar dabba. A ɗaure saniyar a inuwa, a yi mata dabaibayi, wanda ta saba da hannunsa ya tsaya kusa da ita yana shafa ta.

Sai a nemi jijiyar nono, wato babbar jijiyar da ke kwance ƙarƙashin fatar ciki a gaban hantsa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A aske gashin wurin, a wanke, a shafa man sikanin, sannan a ɗora kan na'urar bisa tsawon jijiyar. A nan ne aka fi yin kuskure: jijiyar tana da laushi, da an ɗan danna ta sai ta lotse, awon ya lalace. A sassauta hannu, kuma kada kusurwar awon, wato kusurwar da ke tsakanin saitin na'urar da hanyar da jinin ke bi, ta wuce digiri 60.

Awon gefe ɗaya kaɗai ba ya gamsarwa. Dole a gwada dama da hagu, kuma idan za a maimaita wata rana, a yi shi a daidai lokacin, ko kafin tatsa ko bayanta. Sabon kumburi yakan ƙara gudun jini a ɓangaren hantsar da ya kamu. Idan kuwa ɓangaren ya yi sanyi, fatarsa ta yi duhu, jini kuma ya ragu ƙwarai, naman ya fara mutuwa ke nan, ba a jira gobe.

A duba kaluluwar da ke saman hantsa ta baya, da cikin naman ko akwai taruwar mugunya. Na'urar ba ta faɗin ƙwayar cutar da ta jawo ciwon, don haka a tatsi madarar kowane kan nono daban a mazubin da cikinsa baƙi ne, a duba gudaji ko jini, a aika samfuri ɗakin gwaji kafin a sayi allura.