Kurakuran da 'yan bayoloji da maikiro ke ta maimaitawa, wallahi na gaji da gani

Duk shekara in sabbin ɗalibai suka shigo jami'ar ABU da ke Samaru sai in ga abu ɗaya yana ta dawowa, fuskoki ne kawai ke canzawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk ƙanin da ya tambaye ni sai in tura masa.

Babban ciwon shi ne zaman jiran canjin kwas. Ka cike medisin a JAMB, aka ba ka bayoloji ko maikirobayoloji ko bayokemistiri, sai ka shigo da zuciya biyu, kana cewa ai wucewa zan yi badi. Ni ma haka na yi aji ɗaya, kuma har na gama ban daina biyan bashin ba. Na raina kemistiri, lakca sai na ga dama, firaktikal kuma rahoton abokina nake kwafa, ƙarshe na kwaso kariyoba, wato faɗuwar da sai ka maimaita, a kwas mai yunit 3. Ku duba lissafin matsakaicin maki da kyau, A maki 5 ne, F sifili, amma yunit ukun nan sai an saka su cikin abin da za a raba da shi, ke nan sun ja komai ƙasa. Fes kilas daga 4.50 yake, na biyu babba daga 3.50, wanda ya fara da biyu da ɗigo kaza sai ya yi shekara uku yana hawan dutse. Kuma ko canjin kwas ɗin da kake mafarki, da wane sakamako za ka nema? Da na aji ɗayan nan da ka yi wa riƙon sakainar kashi mana. Sannan kemistirin ba ya tafiya ko'ina, yana jiranka a aji biyu, ranar da za a ce ka haɗa bofa mai pH 7, wato ruwan da ke riƙe ma'aunin tsami a tsakiya, ko ka sirka ruwan magani da ƙa'idar sirki ta C1V1 = C2V2 ka tsaya kana kallon kwalba. Ni dai abin da ya cece ni daga baya, kullum bayan asuba lissafin mol guda biyar, ko da jarrabawa ko babu.

Na biyun shi ya fi ƙona min rai. A firojet ɗina na aji huɗu, nono nake sayowa wajen masu tallar fura a kasuwar Samaru ina duba ƙwayoyin cutar da ke ciki. Sai na riƙa rubuta lambar samfur a kan murfin faifan agar, faifan da ake renon ƙwayoyin a ciki, maimakon gindinsa. Wata rana ina buɗe faifai goma sha biyu a jere, murafan suka cakuɗe, ban san wanne ne na wace ƙwarya ba. Aikin sati uku, da kuɗin midiya, wato abincin renon ƙwayoyin, da na ranto, duk ya bi ruwa. A gindi ake rubutu ƙannena, suna da kwanan wata da lambar samfur, kuma a kife ake saka faifai a inkubeta, na'urar ɗumi, don kada raɓar murfi ta ɗiga ta watsa maka abin da ya tsiro.

Ban gama farfaɗowa ba na sake tafka wata a rinin Gram, rinin da ke raba ƙwayoyin bakteriya gida biyu, fozitif su fito shuɗi mai duhu, negatif su fito ja. Aiki ne da wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi tun 1884, mataki huɗu ne kacal, shuɗin rini, aidin, alkohol, sai safranin. Komai na duba sai ya fito ja-ja, na rubuta duk negatif ne, har ina murna. Wani dattijo mai kula da lab ya leƙa madubin ya ce, "Yarona, sakan nawa ka bar alkohol ɗin?" Na ce ban ƙirga ba Baba. Ya ce to ka wanke rinin kaf, je ka sake. Tun daga ranar da zarar launi ya daina zuba nake ɗauraye silaid, ba na wuce ƙirga goma zuwa sha biyar, wasu malaman za su ce ka ƙara, ni dai wannan ce ta karɓe ni. Kuma ba na rini sai da shaida a gefe, wato ƙwayoyin da na san launin da za su bayar, Staphylococcus aureus ya fito shuɗi mai duhu, Escherichia coli ya fito ja, da ƙwayoyin da ba su wuce awa 18 zuwa 24 ba, don tsofaffi yaudara suke yi.

Kuma don Allah ku daina raina ma'aikatan lab. Ka wuce mutum ko gaisuwa babu don ba a kiransa dakta, alhali shi ya san wace otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, ce ke kaiwa digiri 121 na minti 15 da gaske. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma kai za ka yi asara.

Sauran ƙanana ne amma suna cin maki. In ka hau lens na 100 a madubin duba ƙwayoyi kada ka taɓa babban maɓallin daidaitawa, za ka fasa silaid, kuma lens ɗin nan kaɗai ake saka wa mai. Sunan halitta, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, in da hannu ka rubuta ka ja layi a ƙasa. Fifet, bututun ɗiban ruwa a aune, ba a zuƙarsa da baki. Rigar lab ba ta zuwa wajen cin abinci.

Zagayen Krebs kuma, jerin matakan da ƙwayar halitta ke bi ta samu kuzari daga abinci, masu haddace shi daren jarrabawa, ku zana shi da hannunku a farar takarda kuna faɗin inda kabon ya fita da inda NADH, sinadarin da ke ɗauke da kuzarin, ya samu, ni sai da na zana shi kusan kullum na sati biyu kafin ya zauna min.